Saƙo Ya Iso, Ina Ɗan Aiken?

  

Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne 'yar na'urar nan da ke aljihun kowannenmu, watau wayar hannu, tare da abin da ta zo mana da shi na WhatsApp da Facebook da TikTok da sauran danginsu. Malamanmu sun yi wa'azi mai yawa a kan ɓata lokaci da kallon abin da bai halatta ba, kuma sun faɗi gaskiya, ba sai na maimaita ba. Ni abin da ya dame ni daban ne, ban kuwa cika jin ana ambatonsa ba. Wayar nan ta fitar da wani mutum daga cikin zamanmu ba mu ko yi masa ban kwana ba, mutumin kuwa shi ne ɗan aike. Da ya tafi, ya tafi da wasu ayyuka da yake yi mana waɗanda ba mu san darajarsu ba sai da muka nema muka rasa.

Ni mutumin Miga ne, ta ƙasar Dutse, a bakin fadamar kogin Haɗeja. Na fara aikin gwamnati a Kano tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka kwaso mu zuwa Dutse, yanzu kuwa da na ajiye aiki ina ɗan taɓa sayen shinkafa da sayarwa. Saboda haka na ga zamanin nan biyu da idona, a ofis da kasuwa da gida, kuma a kan abin da na gani zan yi magana.

Yadda saƙo ke tafiya a da

Kalmar waya ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Tun zamanin Turawa da aka kafa turakun tangaraho ake cewa an buga wa wane waya, shi ya sa har yau muke kiran inda ake kai wasiƙa gidan waya. Amma wannan waya ta birni ce da manyan ma'aikata. Mu mutanen fadama, saƙonmu da ƙafa yake tafiya. In kana Kano kana son aika wani abu gida, sai ka yi sammako zuwa tasha, ka nemi direban da ke bin hanyar Jahun ko yaron motarsa, wanda ka sani, ya san iyayenka, ka danƙa masa wasiƙa da 'yan kuɗi a ƙulle. In wasiƙar ta isa, ta boko ce a kira ɗan firamare, ta ajami ce a kai wa malamin unguwa. Waɗanda suka daɗe a Makka sukan ɗauki muryarsu a kaset su ba alhazai su kawo, a taru a tsakar gida bayan sallar isha'i a saurara, tsofaffi suna amsa gaisuwa kamar mai maganar yana ji. Samari kuwa sai su aika da kati gidan Rediyon Kaduna a gaishe musu da abokai a filin Zaɓi Sonka.

Wanda ya fi duk waɗannan nauyi shi ne ɗan aiken rasuwa. Ba kowa ake tura wa ba. Sai a zaɓi dattijo mai natsuwa, ya hau keke ko mota, in kuwa damina ce ya tuɓe takalmi ya shiga jirgin fito. In ya iso ba ya faɗa daga bakin ƙofa. Sai ya gaisa, ya sha ruwa, ya sa a kira masa wani babba daga maƙwabta, sa'an nan ya ce, “Jikin Baffa ya yi tsanani, ana son ka zo gida.” Mai hankali ya riga ya gane, amma an ba zuciyarsa tsani ta sauka a hankali. A kan hanya, ko kusa da gari, ake ƙarasa masa maganar, yana tare da wanda zai riƙe shi.

To, in ka lura, ya kai mai karatu, kowane ɗayan waɗannan 'yan aike yana da siffa uku. An san shi, an san gidansu. An san wanda ya aiko shi. Shi kuma ya san wanda zai gaya wa, ya san lokacin da ya dace da harshen da ya dace. In ya yi ƙari ko ragi, gobe za a tare shi da maganar a kasuwa ko ƙofar masallaci, ya ji kunyar da ba za ta bar shi ba. Watau kowane saƙo yana da mai shi, kuma akwai wuyan da aka rataya amanarsa.

Alherin da ba za a musa ba

Kada a ce na yi butulci. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a ƙasar nan. A lokacin layi kaɗai ya haura naira 20,000, kira kuwa naira 50 kowane minti, sai da Glo ya zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. An yi shekaru kafin abin ya game ƙauyukanmu, har akwai lokacin da sai mutum ya hau tudu ko bishiya yana neman sabis. Yau kuwa da wuya ka shiga gida a Hantsu ko Zareku ko Tsakuwawa ka rasa waya, ko da ƙarama ce, kuma mai shagon caji ya zama mai sana'a kamar mai shayi.

Amfanin abin a fili yake. A da manomi yakan loda shinkafarsa zuwa kasuwar Gujungu bai san abin da zai tarar ba, in ya iske kasuwa ta faɗi dole ya sayar, don ba zai biya kuɗin mota sau biyu ba. Yanzu kafin ya ɗaure bakin buhu ya ji farashin Dawanau. Mai bandar kifi a Haɗeja yana ciniki da mutumin da ke Onica, kowa yana zaune a rumfarsa. Ranar Alhamis a Maigatari ana ɗaukar hoton sa a tura Legas, a yi ciniki, kuɗi su shigo kafin la'asar, ba wanda ya ɗaura ɗamarar kuɗi a ƙugu ya bi hanyar dare. A farkon 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, mun ga yadda wanda ke da asusun banki a wayarsa ya ci gaba da ciniki, wanda ba shi da shi kuwa ya karyar da hatsinsa don ya sami na cefane.

Babu inda na fi gode wa Allah da wannan na'ura kamar lokacin ruwa. Kogin nan namu daga ƙasar Kano yake tasowa, ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya iso mana, sa'an nan ya gangara Auyo da Haɗeja. Ruwa yakan kwana a hanya, kiran waya kuwa ba ya kwana. A ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma na san gidajen da suka kwashe yara da awaki da hatsi zuwa tudu don wani ɗan'uwa daga sama ya kira ya ce ruwa ya wuce su jiya, ga inda ya kai. Da waya aka riƙa tara samari cikin dare a toshe jinga da buhunan ƙasa. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma a lura, wannan kira da ya ceci mutane yana da mai shi. Muryar ɗan'uwa ce, ya ga ruwan da idonsa.

Labarin da ba shi da uba

Akwai kuma wani irin saƙo. Kusan kowace damina sai ka ji wata murya tana yawo a WhatsApp, ba suna, ba gari, ba rana, tana rantsuwa cewa madatsar Tiga ta ɓalle, ko an buɗe ta Challawa gaba ɗaya, kowa ya yi ta kansa. Wani lokaci har a haɗa da hoton ruwa yana cin gidaje, alhali in ka duba da kyau ginin ba irin namu ba ne, mutanen ma ba tufafinmu suka sa ba. Ba na ganin wautar wanda ya firgita. Dattawanmu ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, ga kuma abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Wanda gonarsa da ɗakin kwanansa ke ƙasan Tiga, wadda aka gama tun 1974, dole gabansa ya faɗi in an ambace ta.

Sai dai ɓarnar irin wannan murya kashi biyu ce. Na san wani maƙwabcin ƙanena da ya ji ta, ya tara 'yan ƙwadago ya yanke shinkafarsa tana sauran kwanaki ta nuna, ruwa bai zo ba, ya tashi da ƙaiƙayi da tsaki. Wa zai kama? Wanda ya turo masa ya ce shi ma turo masa aka yi. Ɓarna ta biyu ta fi wannan muni. In aka firgita mutane sau uku a banza, ran da gargaɗin gaskiya ya zo daga hukumar da ke hasashen ambaliya, wadda takan fitar da bayaninta kowace shekara kafin damina, sai su ce ai kullum haka ake faɗa, su gyara kwanciya.

Masu karatu za su tuna da asubahin nan ta watan Agusta 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, da aka tashi ƙasar nan kaf da kira da saƙo cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Masu digiri sun yi, masu allo sun yi. An kwantar da mutane da yawa a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Duk wanda ya tashi ɗan'uwansa a daren nan don ƙauna ya yi, amma ƙaunar ba ta mai da gishiri magani ba.

Abin mamaki, mu ne al'ummar da bai kamata wannan ya ci mu ba. Malaman hadisi sun kafa ilmi sukutum a kan tambaya guda, watau wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, da sauran magabata irinsa sun ƙare rayuwarsu suna tafiya gari gari suna binciken halin masu ruwaya, in sarƙar ta yanke ko aka sami wanda ba a san shi ba a cikinta, sai su ajiye maganar komai daɗinta. Suratul Hujurati kuma ta umurce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, ta hana mu zato da leƙen asirin juna da cin naman ɗan'uwa. Ko kamfanin WhatsApp da kansa, bayan jita-jita ta sa an kashe mutane a Indiya, ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri a 2018, sa'an nan a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. In masu abin sun ji tsoronsa, ina ga mu da aka gadar wa isnadi?

Mutuwa a kan allon waya

Daren Talata 15 ga Oktoba 2024 motar dakon mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Majiya maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, akwai auratayya tsakaninmu. Kafin gari ya waye hotunan bayin Allah nan, a halin da ba wanda zai so a ga nasa, sun shiga kowace waya. Ka yi tunanin uwar da ɗanta bai kwana gida ba, ga yaran maƙwabta sun yi cincirindo a kan waya suna kallo. Addininmu ya sa a yi wa mamaci wanka a asirce, a rufe shi da likkafani, a kuma ɓoye abin da aka gani a jikinsa. Wanda ya ɗauki hoton da wanda ya tura shi gaba sun yaye suturar da shari'a ta yi wa mamaci, ko da kuwa sun rubuta addu'a a ƙarƙashinsa.

Ba sai babban bala'i irin wannan ba. Wani abokin aikina na da, dattijo mai hawan jini, a tsakiyar kasuwa ya ji rasuwar mahaifiyarsa. Wani yaro cikin jikokinta ne ya ɗora hotonta a waya da kalmar ta'aziyya tun ba a rufe mata ido da kyau ba, wani ya gani, ya matso ya ce, “Alhaji, ashe haƙuri muka yi?” Shi kuwa da safen nan suka yi magana da ita. Sai da aka riƙe shi aka zaunar. Yaron ba mugunta ya nufa ba, so yake ya zama na farko. Amma dattijon nan da ake ɗorawa a keke, aikinsa ke nan ya hana a zama na farko ta wannan hanya.

Kasuwa da ofis

A kasuwa, in baƙo ya sauka a da, yana da fatoma ko dillalin da zai tsaya masa. In ya gudu da kaya, an san wuyan da za a kama, kuma la'adar da dillali ke ci kuɗin wannan lamuni ne. Yanzu mutum yakan zo da shiga mai kyau, a yi ciniki, ya nuna maka fuskar wayarsa cewa ya tura, wani lokaci har saƙo ya shigo taka wayar mai kama da na banki. Wani yaro da rumfarsa ke kusa da inda nake zama ya loda wa irin wannan baƙo buhu goma, sai da yamma ya duba asusunsa ya ga wayam. Jarinsa ke nan da na wansa. Akwai kuma masu kira su ce daga banki suke, a ba su lambar sirri za a gyara asusu. Da gwamnati ta ce a watan Disamba 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, abin da take nema shi ne ta sa wa kowace murya fuska, watau ita ma ɗan aiken nan take cigiya.

Shawarata ga ɗan kasuwa ita ce kada ya yarda da abin da ya gani a wayar mai saye, ya buɗe nasa asusun ya ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar rumfa, in sabis ya ƙi, kaya su jira. Wannan ba rashin yarda ba ne, kiyaye dukiya ne. Har wa yau, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi take, ta yi umurni da rubutawa da kafa shaidu. A nan waya taimako ce babba ga wanda ya so. In ka ba da kaya bashi, ka rubuta adadi da ranar biya ka tura masa, ya amsa, ka kuma sanar da mutum biyu. Kunyar rubuta bashi ta raba 'yan'uwa da yawa, ta bar magada cikin shari'a.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, kun san masinja. Sa'ad da muka fara aiki, takarda ba ta fita daga ofis zuwa ofis sai ya ɗauke ta da littafinsa, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata. In takarda ta ɓata ko asiri ya fita, a littafin nan ake bin sawu. Akwai dokar riƙe asirin gwamnati tun 1962, kuma an tunasar da mu ita ran da aka ɗauke mu aiki. Yau takardar horon ma'aikaci ko ta canjin wurin aiki takan riga mai ita isa gari, don wani ya ɗauki hotonta a kan tebur. Matarsa da surukansa su gani kafin shugabansa ya kira shi. A gefe guda ga takardun jabu masu hatimi, yau an ƙara albashi, gobe ana ɗaukar ma'aikata a biya kaza a wannan asusu, talaka ya sayar da akuyarsa ya tura. Fayil ɗin da ke gabanka amana ce, ko an kulle ƙofa ko ba a kulle ba.

Abin da Gwaggo ta ce

Ina da gwaggo a wani ƙauye na bakin kogi, ta manyanta ƙwarai. 'Ya'yanta da jikokinta suna Kano da Abuja da Fatakwal, kuma ba su yi mata rowa ba. Duk wata kuɗi na zuwa ta hannun mai POS na garin, ana kiranta ranar Juma'a. Da na je gaishe ta bayan sallar layya, na ce, “Gwaggo, ai ke kin more, duniya duk tana tafin hannunki.” Sai ta yi murmushi ta ce, “Ɗan nan, kuɗi suna zuwa, murya tana zuwa, amma na daɗe ban ji an kaɗe takalmi a zaure ba.”

Da na zauna sai na ga abin da waya ba ta gani. Katangar bayan ɗakinta ta zube tun damina, an kare da zana. Idonta ɗaya ya yi yana. Tuwon da ke cikin kwano na jiya ne. Ba wanda ya san wannan cikin masu kiranta, domin Bahaushe ko yana kan gargara, in ka tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, balle uwa da ba ta son tayar wa ɗanta hankali. A nan ne na gane rabin aikin ɗan aike da muka manta. Ba kai saƙo kaɗai yake yi ba, yana da ido, yakan komo da abin da ba a faɗa ba. Direban nan na tasha yakan ja ka gefe ya ce, “Na kai, amma ka daure ka je, tsohuwa ta rame.” Da magabata suka ce zumunta a ƙafa take, wannan suke nufi.

Haka abin yake a sauran hulɗarmu. A da goron ɗaurin aure ko na suna a hannu ake kai shi, mai kaiwa ya durƙusa ya gaisa, wanda aka kai wa ya san an daraja shi, in akwai wata 'yar ƙullalliya a nan take warwarewa. Yanzu sai a jefa kati a zauren WhatsApp na dangi, baffa da ɗan cikinsa su gani lokaci guda, in bai zo ba a ce ai an sanar. Shi kansa zauren yana da amfani wajen haɗa gudummawar asibiti ko ta makaranta, amma rubutu ba shi da fuska. Kalmar da in a gaban mutum ka faɗe ta murmushinka zai sassauta ta, a rubuce sai ta zama mari, kuma a gaban mutum hamsin. Na ga zumuncin shekara arba'in ya tsinke a kan layi biyu. Har saki ma yanzu ana yinsa da yatsa cikin dare. Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne, ni dai abin da na sani shi ne, a da kafin mutum ya nemo takarda da alƙalami, ko ya isa wurin waliyyi, sau da yawa fushi yakan huce a hanya. An ce baki shi ke yanka wuya. A zamanin nan yatsa ya karɓi aikin, ya kuma fi baki sauri.

Abin da ya rage gare mu

Ba na kiran kowa ya jefar da wayarsa, ni ma tawa tana aljihu, da ita nake ciniki. Ɗan aike na keke ba zai dawo ba. Abin da ya faru shi ne aikinsa ya dawo wuyan kowannenmu. Duk sa'ad da ka danna ka tura, kai ne ɗan aiken, kuma cewa “ni ma turo mini aka yi” ba za ta wanke ka ba, domin wanda ya karɓa sunanka ya gani, saboda kai ya gaskata.

Saboda haka kafin ka tura labari, ka tambayi kanka ko ka san wanda ya faɗe shi tun asali, ko kuwa za ka iya tsayawa a ƙofar masallaci ka maimaita shi da bakinka. In na ruwa ne, ka kira wanda ke bakin kogin, ko mai unguwa, ko dagaci, in ya tabbata ka isar da shi da sunanka da rana da wuri. In na rasuwa ne, ka kame hannunka sai ka tabbata iyaye da 'ya'ya da mata sun ji daga bakin da ya dace. Hoton gawa ko na wanda ya yi haɗari, in ya zo wayarka, ya zama kai ne kabarinsa. Ku iyaye, ku koya wa yara wannan kamar yadda aka koya mana yadda ake kai aike, a durƙusa, a faɗi abin da aka ce, ba ƙari ba ragi. Wanda kuma Allah Ya bar masa tsoho a gida, ya ci gaba da kira da aike, amma ya sa wa kansa lokaci, ko da sau ɗaya tsakanin salla da salla, ya je ya zauna a tabarmarsa, ya leƙa rumbu, ya duba katanga. In hanya ta yi nisa, ya nemi wani amintacce ya tura, ya ce masa, je ka gano mini.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, ta waya kuwa ko ka goge taka tana nan a hannun dubu. Akwai ranar da za a karanta wa kowa abin da ya aika, ranar da ba a cewa sabis ne ya yanke.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amanar magana, Ya tsare mu daga zama sanadin hawayen wani, Ya kiyaye garuruwanmu na fadama daga ambaliya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.